Wankin Zinare Sau Biyu

São Carlos, 4 ga Mayu

Dalvinha tawa,

Gaisuwa mai yawa. Ya nauyin jiki, ya Mama? Alawar gwaibar da kika aiko ta iso.

Ina cikin damuwa. Tun da kika tafi gida haihuwa, ƙwayoyin zinaren nan da muke haɗawa a ruwa a ɗakin bincike, masu siffar sanda, sun ƙi ni. Lokacin da kike haɗa su, in ɗigon ya bushe a kan gilashi sai ƙananan sandunan su jeru da kansu, sahu-sahu, har a madubin ƙara girma suna kama da rufin tayil. Yanzu dunƙulewa suke yi, ruwan da ya kamata ya zama ja sai ya koma toka-toka. Solange, wadda aka ɗauka a gurbinki, ba ta da wasa. Sau uku take wanke su, tsaf. Solange ta canja gilashi, Solange ta canja ruwa, duk a banza. Saura mako biyar in kare digirina, kuma ba ni da hoton kirki ko ɗaya. Me kike yi da ba ki rubuta a littafin aiki ba?

Naki,
Nivaldo

Carrancas, 11 ga Mayu

Mijina,

Muna lafiya. Yaron yana harbi, musamman lokacin da nake karanta wasiƙarka. Sau uku ka ambaci Solange, ni kuwa tambaya ɗaya ta ishe ni, ya nauyin jiki.

Na zauna a baranda ina ta hango ku, kai da ita, kawunanku a haɗe kan madubi ɗaya, gashinta yana taɓa kunnenka. Mama ta ce littattafan soyayya ne suka ɓata min kai, ta ɓoye min biyu a cikin buhun wake. To, a littattafan ma haka ake farawa, da mace mai tsafta wadda ba ta da wasa. Ta ci alawata? Kar ka yi min ƙarya.

Abin da nake yi kuwa na manta. Ciki yana sa mantuwa, in ji ungozoma.

Matarka, in ka tuna,
Dalva

São Carlos, 19 ga Mayu

Zuwa ga Uwargida Dalva,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan Allah ya sauke ki lafiya. Ni ce Solange. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma kullum ina karanta rubutun hannunki a littafin aiki.

Mijinki bai san na rubuto ba. Jiya ya ba ni takardar binciken da za a buga in duba. Hotuna goma sha ɗaya ne a ciki, duka na watannin da kike nan, amma sunana ya sa kusa da nasa. Naki yana can ƙarshe, inda ya gode wa "matata mai haƙuri". Na ce masa ban jera ko sanda ɗaya ba, ya cire ni ya sa ki. Ya ce ai ke mai haɗa ruwa ce kawai, ba a saba ba. Na ce to kar ya ƙara kawo min takardar. Yau da safe ya gyara, na gani da idona.

Ba na roƙon komai don kaina. Amma Nival ba ya ko cin abinci.

Alawar na ci, ta yi daɗi.

Solange Taveira

Carrancas, 25 ga Mayu

Solange,

Na gode, ina gaishe ki.

Sau biyu ake wankewa. Ɗan sabulun da ake haɗa su da shi, wanda ya rage a jikinsu, shi ke hana su manne wa juna har su sami wurin zama, ke kuma kina kankare shi a wanki na uku. Ki sa jiƙaƙƙiyar auduga a gefen gilashin, ki rufe, kwana uku ba mai leƙawa.

Ki aiko min shafin farko na takardar in gani da nawa idon.

Kuma sunansa Nivaldo. Ko uwarsa ba ta gajarta shi, ni kaɗai ce.

Ki huta lafiya,
Dalva