Mudun da Na Zo da Shi Daga Japan

Zuwa ga Safinatu, farin watan Boɗinga, ruwan sabuwar randa tsakiyar bazara, hajar da ban yarda kowa ya taya ba.

Bayan gaisuwa mai yawa. Jiya gwaggonki Tani ta iso Shagari, ta aje goron gaisuwata gaban tulin albasa, ta ce Malam mahaifinki ya ce a maido, ba ya ba mashayi ɗiya. Ni, Safinatu?

Kin san hukumar noman rani ta tura mu Japan koyon aikin shinkafa. Can anka zaga da mu gidajen da suke dafa giyarsu ta shinkafa da suke kira "sake", gari bayan gari, cikin sanyi mai tsaga leɓe. Suna surfa shinkafa har rabinta ya tafi a dusa, sai farar zuciyarta ta saura. Su turara ta, su barbaɗa mata wani gari, su lulluɓe ta a ɗaki mai ɗumi awa jinjiri. Ma'aikatan manoma ne, sun baro matansu ƙauye, suna tuƙi cikin manyan tukwane suna waƙar gida. Waƙar ta shige ni, don ke nike gani. Da anka miƙo giyar ko, shayi na roƙa, Allah shaida.

Da za mu taho, wani tsoho ya ba ni ɗan akwatin katako. Ni ɗan kasuwa, na ce mudu ne. Kin tuna yammacin da na miƙa miki shi bakin zaure, kinka zuba 'yan kunnenki ciki, kina dariya wai mudun Japan ba shi da albarka? Ina zan san a ciki suke shan giyar? Katako ya riƙe wari, hancin Malam bai tsufa ba, ga bakina ya riga ya cika kasuwa da labarin tukwanensu.

Yanzu tsuke bakin aljihun gwamnati ya rufe aikin hukumar, na koma albasa. Zamani ya surfe ni, ya kwashe albashi, ya kwashe babur, ya kwashe abokai. Ke kaɗai kinka saura, tauraruwata. Ke ma za a sheƙe ki a dusa?

Ran kasuwar Boɗinga zan zo da alwalata, Malam ya aza mini Alƙur'ani. Abu guda nike roƙo: kada ki ba Tani mudun ta maido mini. In na ga hannunta wofi, na san 'yan kunnenki na nan ciki.

Naki har ranar da za a rufa mini ƙasa,
Maniru