Kunnen Auta Lafiyarsa Lau

Litinin, 3 ga Maris
Malamar ajin Auta ta tare ni a ƙofar makaranta. Wai yarinya ba ta ji sosai, in kai ta a duba kunnenta. Wai yaran da aka haifa da tsagar leɓe da ganda, ruwa na yawan taruwa musu a kunne. Na ce, "Malama, na gode, amma 'yata tana ji." Shekara shida ina fama da masu ƙura wa bakin yarinyar nan ido. An ɗinke leɓen, an ɗinke gandar, sun rasa abin faɗa, shi ne suka koma kunne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 5 ga Maris
Na gwada ta. Na durƙusa a gabanta na ce ta kawo mini almakashi da jan zare daga kan keken ɗinki. Ta kawo, ba kuskure. To ina rashin jin?

Asabar, 8 ga Maris
Babanta ya ce mu je, wai dubawa ce kawai. Shi da ko warin asibiti ba ya iya shaƙa, sai dai ya tsaya a waje yana latsa waya. Sau uku ni ke riƙe ta ana sa mata maganin barci. Na ƙarshen tana shekara huɗu, ta san komai, ta riƙe mini wuyan riga har ya yage. Ranar da aka sallame mu na yi mata alkawari mun gama da wurin nan. Ba zan zama maƙaryaciya a idon 'yata ba saboda wata malama da jiya-jiya ta fara riƙe alli.

Laraba, 12 ga Maris
Takarda daga makaranta. In abin bai canja ba Auta za ta maimaita aji. Abin da aka rubuta a allo tana kwafe shi tsaf, amma a shifta sifiri take ci. Malamar ce ke yawo a bayan yara tana magana ciki-ciki. Ta gyara bakinta mana.

Juma'a, 14 ga Maris
Ba inda za mu.

Alhamis, 20 ga Maris
Na bar dutsen guga da zafi a kan tebur, ina kan keke. Auta ta juya mini baya tana miƙa hannu za ta ɗauki wani ƙyalle a gefensa. Na kira ta. Na sake kira. Na ƙwala ihu har maƙwabciya ta leƙo, yarinya ko motsi. Yatsu biyu ta ƙone.

Ina shafa mata magani abin ya faɗo mini. Tun tana shekara biyu mai koya mata magana a asibiti ta ce kullum in fuskance ta, ta riƙa ganin yadda bakina ke motsi. Na riƙe wannan gam, na kuma tilasta wa kowa a gidan. Ba mai yi wa Auta magana sai ya zo gabanta. Ashe bakinmu take kallo. Ni da kaina na ɓoye abin, ina ta tinƙaho.

Duk da haka malamar nan ba ta iya magana da mutane ba.

Talata, 25 ga Maris
Mun je. An sa ta a wani ɗan ɗaki da abin ji a kunne, an ce ta ɗaga hannu in ta ji ƙara. Ta gilashi nake kallonta. Ta zauna tana jira da hannu a cinya, tana yi mini murmushi. Likitan kunne ya ce ruwa ne a bayan dodon kunne, duka biyun. Za a zuƙe shi a sa wasu 'yan ƙananan bututu, amma sai an sa ta barci.

A hanya na durƙusa na faɗa mata. Ta ce, "Umma, ai kin ce mun gama." Sai na gyara mata igiyar takalmi.

Laraba, 9 ga Afrilu
An yi. Ba ta riƙe rigata ba wannan karon, ko kallona ba ta yi ba. Da ta yage ta da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 19 ga Afrilu
Bakwai cikin goma a shifta. Malama ta rubuta "madalla" da jan biro har da ja masa layi, ita a dole ta yi nasara. Ban ce mata komai ba tukuna.

Da hantsi ina yi wa Auta kitso, tana zaune tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya. Kwana goma ke nan ba ta sake mini fuska ba. Can ƙasa-ƙasa, ni kaɗai, na ce, "Ki yafe mini." Ba don ta ji na faɗa ba.

Ba ta juyo ba ta ce, "Na yafe, Umma. Amma kina ja mini gashi."

Na ce ta zauna daidai, ba da ita nake ba. Layin kitson ya karkace daga nan har ƙeya, na bar shi haka.