Haɓar Yohanna

Laraba da dare, Sabon Tasha

Har yanzu jinin Yohanna yana cikin farcena.

Da safe na gaya wa 'yan ajina cewa mutum ne kaɗai ke da haɓa, ko biri ba shi da ita. Wata yarinya ta ce, "Anti, mene ne amfaninta?" Na ce masana ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Da yamma, a kan idona, wani direban bas ya fisgo ƙanena Yohanna daga kekensa, wai ya goge masa fenti, ya zabga masa sifana. Na ji ƙarar ƙashi. Na gantsara wa mutumin cizo a hannu, kuma ban yi nadama ba.

A kemis, Yohanna ya toshe fuska da tawul yana ta cewa, "Haɓa, haɓa." Madam Ngozi mai kemis ɗin ta ɗauka "haba" yake cewa, tana ta laluben kansa tana ba shi haƙuri. Sai da na daka mata tsawa na fisge tawul ɗin.

A asibiti likita ya ce haɓar ce ta tare, ba don ita ba, da maƙogwaro sifanar ta samu.

Gobe zan nemi yarinyar nan. Na samo mata amsa.