Ɗan Farfesa Mai Taya

Alhamis da dare, Guangzhou

Da la'asar ina dawowa daga kasuwar Shahe, maƙwabcina Farfesa Lin, malamin kimiyya, ya tare ni wai in zo in ga ɗansa. Ashe mutum-mutumi ya ƙera, tsayinsa iya cibiyata, har riga ya ɗinka masa.

"Gai da baffanka," in ji Farfesa da guntun Turancinsa.

Abin ya gungaro kaina, idanu jajur, ya sunkuya ya ce "Ni hao" da murya kamar tsohon kaset. Mu kuwa a gidanmu yaro ba ya gaishe ka ya tafi hannu banza. Kafin in ankara na zaro dabino na damƙa masa. Farfesa sai ƙwalla. Wai kowa gudun yaron yake, ni kaɗai na ɗauke shi ɗa, saboda haka jibi zai yi tafiyar kwana uku, wurina zai bar shi.

Na tambayi inda makunninsa yake. Ya ɓata rai, wai ɗansa ba rediyo ba ne, waƙa ake masa har batirinsa ya ƙare.

Ina jin ƙarar tayoyinsa ta bango. Na tokare ƙofa da dila biyu, na zauna ina ta ƙoƙarin tuno waƙar renon da Inna take mana.