Rabin Gidan Limawa

Takur, Dutse
3 ga Maris

Yaya Rashida,

Assalamu alaikum. Ya Taura, ya maigidan da yara? Na rubuto ne tunda kin mai da wayata abin kallo, ta yi ta ƙara ki ƙi ɗauka.

Maganar gidan Limawa ce. Ɓangaren mahaifina, Allah ya ji ƙansa, zan sayar. Na samu wani ɗan kasuwa, zai rushe ya yi shaguna. Na san za ki ce ai jikin ɗakin Iya yake. To sai me? Irin wannan gini shi ake kira semi-ditach, ga su nan birjik a Takur: gida biyu, bango ɗaya, kowa da nasa, ba ruwan wani da wani. Ku da ba ku taɓa fita daga lungu ba kun ɗauka duk abin da ya jingina da ku naku ne.

Na ɗauko mai kimanta gidaje, Malam Izzuddeen, mai takardar shaidar aiki, ba dillalin bakin kasuwa ba. Ki gaya wa mahaifiyarki ta ɗaure awakinta ranar Laraba, kada a ba ni kunya.

Ƙaninki,
Musaddiq

Taura
7 ga Maris

Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta wa yara don su ji yadda ake Turanci a Takur.

Yau Iya ce ta zama "mahaifiyarki"? Matar baffanka, wadda ta goya ka har zanenta ya ƙoƙe? Ba laifi. Wanda ya ƙoshi shi ke raina tuwon jiya.

Tunda kai masanin gini ne, ka ɗaga kai in ka je. Azarar ɗakinta a kan bangon nan take kwance. Ranar da ɗan kasuwarka ya sa diga, ranar rufin zai sauko mata a ka. Shekararta saba'in da huɗu, ina kake so ta nufa? Ko cikin shagunan za a ware mata ɗaya?

Shawara nake ba ka, ba roƙo ba: ka sallami mai awon nan, ka bar gidan yadda ka same shi. Awaki kuma ba za a ɗaure su ba, a gidansu suke.

Yayarka,
Rashida

Takur, Dutse
12 ga Maris

Yaya Rashida,

Bayan gaisuwa. Ban san me kuka ba mutumin nan ba, amma tun da Iya ta kawo masa fura ya zama naku.

Ya auna, ya zaga, ya hau soro, sannan ya ƙi sa wa gidan daraja. Wai haɗaɗɗen gida iri-iri ne, kuma ba bango ke faɗin irinsa ba, takarda ce. Akwai wanda kowa ke da filinsa da takardarsa, bango kaɗai suka yi tarayya. Akwai wanda ɗakunan naka ne amma ƙasar ta kowa ce. Akwai kuma gidan gado da ba a raba ba, wanda ba mai iya nuna ko bulo ɗaya ya ce nasa ne. Wai namu shi ne na ƙarshen, don takarda ɗaya ce, da sunan Kaka, Alhaji Bubayero, kuma shi ya gina duka biyun. Karatu na ɗauko shi ya yi min?

Har da tambayar banza: wai tsakanin Kaka da mahaifina wa ya riga rasuwa? Na ce mahaifina, da wata biyar, ina da shekara biyu. Sai ya naɗe igiyar awonsa ya ce in nemi malamin gado. Kin ji rago.

Ba malamin da zan nema. Ranar Litinin zan kai maganar gaban alƙali a raba, a ba ni rabina a rubuce. Ku fara nema wa Iya ɗaki a Taura.

Musaddiq

Taura
14 ga Maris

Musaddiq,

Sallama. Kada ka je kotu, za ka sha kunya a gaban mutane.

Ɗan da ya riga ubansa rasuwa ba ya gadonsa, jika kuma ba ya gado in akwai ɗa namiji a raye. Kaka bai bar wasiyya ba. Gidan nan na mahaifina, Baba Falalu, ne da Gwaggo Safara'u tun ranar da aka binne Kaka. Su biyun suka haɗa baki aka bar muku ɓangaren, kai da mahaifiyarka, kuma Baba ya hana kowa faɗa maka har ya koma ga Allah.

Na so in bar ka ka ji daga bakin alƙali, wallahi ka cancanta. Iya ce ta hana, tana kuka a waya. Ta ce ɓangaren yana nan in kana son zama, sayarwa ce babu.

Shekara talatin da ɗaya gida guda ya yi shiru don kada ka ji kai maraya ne. Kai da ƙafarka ka je ka ɗauko wanda zai gaya maka.

Yayarka,
Rashida