Wata Bakwai, Ba Biyu Ba

Kumasi, 4 ga Nuwamba

Ƙawata Dufie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Sunyani, yaya jikoki, yaya gwiwar nan taki da ke hana ki zuwa coci amma ba ta hana ki zuwa biki? Mu dai nan muna godiya.

Kin tambayi abin da nake yi tun da na ajiye alli. Ciwon ƙarya nake yi, ana kuma biyana. Makarantar likitoci ta ɗauke mu, mu shida, don ɗalibai su koyi tambayar marasa lafiya a kanmu, Dakta Tawiah ta horar da mu sati uku. Takardar da aka ba ni ta ce ni ce Maame Badu mai sayar da tuwon kenke, na zo da ciwon mara. Ɗalibi ya shigo, minti takwas gare shi, a kaɗa ƙararrawa, wani ya shigo. Doka biyu ce: kowa amsa iri ɗaya zan ba shi, kuma abin da ba a tambaya ba ba na faɗa.

To, Maame Badu tana ganin jini wata biyu ke nan, alhali al'ada ta daɗe da ɗauke mata. Nan makin yake. Amma yaran nan masu tarbiyya ne, abin haushi. Su gaishe ni, su tambayi gida, su tambayi fufun da na ci jiya. Da an zo ƙasan cibiya sai ido ya koma kan takalmi. Wa zai yi wa sa'ar kakarsa wannan tambayar?

Dufie, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ke cikin takardar nan yana samuna tun Ista. Ban gaya wa kowa ba, har Nyarkoa da na haifa. Tsoro nake ji, kuma kunyar da nake yi wa yaran dariya a kanta ita ce ta riƙe ni. Kada ki kira, ba zan ɗauka ba.

Taki har kullum,
Boatemaa

Kumasi, 21 ga Nuwamba

Ƙawata Dufie,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ga kiranki sau tara, na gode da faɗan da ban saurara ba.

Ranar Alhamis aka yi jarrabawa. Ɗalibai ashirin da huɗu, Dakta Tawiah tana gefe da biro. Uku ne kawai suka yi tambayar jinin kafin hutun rana, su ma bango suke kallo, na ba su amsar takarda. Ta goma sha tara wata 'yar siririya ce, Ohenewaa. Ta jawo kujera kusa, ta dube ni cikin ido, ta ce, "Maame, ki yi haƙuri, kin haife ni, amma dole in tambaya. Kina ganin jini? Tun yaushe?"

Na ce wata bakwai.

Yarinyar ta rubuta abinta, ba ta san komai ba. Biron Dakta ne ya tsaya. Ta ji ni na ce wata biyu ya fi sau ɗari, ban taɓa kuskure ba, har misali take yi da ni. Ta bari sai da muka sallami na ƙarshe. Sannan ta rufe ƙofa, ta ce, "Malama, Maame Badu ta tafi gida. Yanzu ke nake tambaya."

Na yi kuka, ba zan yi miki ƙarya ba. Washegari ita da kanta ta raka ni ɓangaren mata, aka ɗebi ɗan nama daga mahaifa don gwaji. Talata mai zuwa sakamako zai fito. Na gaya wa Nyarkoa, tana tahowa daga Takoradi, amma ke ma ina so ki zo. Ki lallaɓa gwiwar ki hau mota. Ohenewaa ta ci jarrabawar, na tambaya.

Saura abu ɗaya. Shekara arba'in muna tare, sa'ar juna muke, ban taɓa yi miki irin wannan tambayar ba. Ki yi haƙuri, dole in yi. Ke fa, kina ganin wani abu? Tun yaushe?

Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙawarki,
Boatemaa