Robar Baba Ta Narke

Daura,
Watan Rajab, 1977

Zuwa ga ƙanena Isyaku,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da karatu da sanyin Ingila. Allah ya ƙara basira, ya tsare ka a ƙasar mutane. Inno na nan sai ciwon gwiwa, ƙanwarmu Kulu kuma ta sauka lafiya, an sami Amadu.

Isyaku, Baba ya hana a gaya maka wannan magana. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa dai ya cika. Ka tuna zuwanka hutu, da ka zauna a rumfar dukancinsa kana ba shi labarin aikinku, yadda kuke zuba roba mai haɗin sinadari biyu cikin wani mai dangin fetur, ku rufe a tukunyar ƙarfe, ku matse ta da ƙarfi da zafi har ta narke kamar kunu? Kai ka faɗa ka wuce, shi kuwa ya riƙe. Tun da takalman roba suka cika kasuwa ba mai neman na fata, gam ɗinsa kuma ba ya kama robar in an kawo gyara. Sai ya ce bari ya haɗa gam ɗin roba da kansa, ya yanyanka tsofaffin takalman roba cikin gwangwani, ya cika da fetur, ya ɗaure murfin da waya, ya ajiye gefen murhu. Inno ta yi magana, ya ce ai ɗansa ma haka yake yi a Turai.

Gwangwanin ya fashe masa a fuska. Hannuwa sun fara warkewa, amma likita a Katsina ya ce idon dama ya tafi, na hagu yana bin sa, da wuya ya kai kaka. Ba laifi nake ɗora maka ba, ƙaddara ta riga fata. Na san zuwanka zai iya cinye maka shekarar karatu, abin da Baba ke tsoro ke nan. Amma kullum sai in tarar ya kara hotonka kusa da idonsa, in koma ɗaki in yi kuka. Ka zo ya gan ka tun yana gani.

Inno da Kawu Ja'afaru da Kulu suna gaishe ka. Baba ya ce in rubuta maka kowa lafiya, in kuma shaida maka ya shafa guntun gwangwanin da yatsa, ya ji robar ta narke, kamar yadda ka faɗa.

Yayarka mai jiranka,
Safiyatu